Tukwane Masu Jan Zare

Kafin in tafi sai da na tara mutanen gidanmu a bayan kicin, na jera su kamar 'yan firamare, na yi musu karatu a kan wakena. Umma tana tsaye da ludayi a hannu, Yaya ya jingina da bango yana latsa waya, Abba kuwa leƙowa ya yi ta taga ya ce in ci gaba, yana ji daga nan.

"Tukwanen nan masu shuɗin zare, su ake ba ruwa kullum," na ce. "Masu jan zare kuwa ba a ba su. Baƙuwar da za ta zo ita za ta riƙa auna musu ɗan abin da za su sha. Ko kun ga sun langaɓe, ko ganyen ya fara zuba, ba ruwan kowa da su."

"To su laifin me suka yi?" in ji Umma.

Yaya ya kwashe da dariya. "Umma, kar ki ja da Likitar Ciyawa. Harkar boko ce."

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe. Wani irin wake ne da Farfesa, malamin da ke duba aikina na shekarar ƙarshe, yake zaton yana jure fari. Aikina shi ne in raine shi kashi biyu, ɗaya cikin wadata, ɗaya cikin ƙishi, a ƙarshe in auna bambancinsu. Irin da ya ba ni bai cika tafin hannu ba, kuma ya rantse shi ke nan ya rage masa sai baɗi. Rumfar shuke-shuken sashenmu 'yan digiri na biyu sun cika ta da nasu tukwanen, shi ya sa ya yarda in yi a gida, Yaya ya kafa mini rumfar leda don kar ruwan sama ya taɓa su. In waken nan bai ba da sakamako ba, ba ni ba gama jami'a bana. Kowa ya gyaɗa kai ya ce ya gane, har da Abba ta taga.

Tafiyar tawa ta musayar ɗalibai ce, musaya kuma ta gasken gaske. Jami'armu da wata jami'a a wata ƙasa suna canjin ɗalibai na zango ɗaya: ni in je can in zauna a ajin wata yarinya, in kwana a ɗakinta, ita ta zo ta zauna a ajina, ta kwana a kan gadona. Dukanmu nazarin halittu muke karanta, dukanmu a shekarar ƙarshe, kowa da aikin da ba ya ɗaukuwa a jirgi. Sai muka shirya ta waya, ita ta riƙe mini wake, ni in riƙe mata kifi. Ko haɗuwa ba mu yi ba, ina sama tana sama. 'Yar Musaya nake ce mata, mutanen gidanmu kuwa ba a jima ba suka raɗa mata 'Yar Umma.

Kifin nata wasu 'yan mitsi-mitsi ne, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, a cikin akwatunan gilashi a wani ɗaki da ke ƙasan bene, ba taga, sai ƙugin injin iska da ƙarni. Kullum da sassafe, har Asabar da Lahadi, zan fita cikin sanyin da ke cizon kunne, in jira bas, in gangara ƙasan benen, in auna abincinsu a sikeli kamar mai auna zinari, in duba ɗumin ruwa, in sa 'yar raga in tsamo wanda ya mutu. Sauran ɗaliban musaya duk ƙarshen mako suna cikin jirgin ƙasa, yau bakin teku, gobe kan dutse, suna ta zuba hotuna. Ni da na ƙetara duniya don in buɗe ido, abin da na fi gani a ƙasar shi ne bakin kifi yana buɗewa yana rufewa. Duk da haka ban taɓa fashi ba, don na yi alkawari, kuma na ɗauka ita ma can haka take yi mini.

Uwar 'Yar Musaya ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta da mugunta, lokaci ne ba ta da shi. Ranar da na sauka ta nuna mini sashena a firij, ta nuna mini yadda ake kunna injin wanki, ta damƙa mini makulli, ta ce in saki jiki kamar a gidanmu, ta fice wurin aiki. A gidanmu wa ya taɓa raba firij? Kyanwar gidan kaɗai ke tarbata idan na dawo, ita ma harara take yi, kamar ni na kori uwar ɗakinta.

Idan kuma na kira gida sai in ga abin takaici. 'Yar Musaya ta yi kumatu. Tana zaune kusa da Umma tana taya ta yankan albasa, sanye da rigata ta zaman gida, tana cewa "Umma, na ƙoshi" da karyayyen harshe, gidan duk a kwashe da dariya. Abba da rabonsa da kai ni makaranta tun ina firamare, shi ke sauke ta a ƙofar jami'a. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Amma nakan ce wa kaina, in dai tana riƙe mini wakena, to ta cinye gidan ma.

Ga alama kuwa tana riƙewa. Duk mako tana turo mini awo, tsawon kara, faɗin ganye, yawan rassa. Abin mamaki, masu jan zare suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da masu shuɗi. Maimakon in yi zargi sai na hau murna, na ce lallai waken Farfesa jarumi ne. Har na kwashi sakamakon na kai wa Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin kifayen. Ta duba, ta ɗaga gira, ta ce in abin ya ɗore a haka to babban al'amari ne. Daga nan ta ce ta lura da yadda nake riƙe kifin da ba nawa ba, kuma tana da gurbi ɗaya na digiri na biyu, da tallafinsa, a shekara mai zuwa. In na gama bana nawa ne. In ban gama ba, gurbin ba ya jiran kowa. Ran nan a ƙafa na koma gida, ko sanyin ban ji ba.

Wata safiya ina tsugune gaban akwatin kifi, Yaya ya kira ni ta bidiyo. Takalmi yake so in sayo masa. Ya fito bayan kicin inda sabis ya fi ƙarfi, yana ta kwatanta mini irin wanda yake nufi. Ina cikin gaya masa ni ba fatauci na zo ba, sai na hango motsi ta bayan kafaɗarsa. Umma ce, da buta a hannu, tana bin layin tukwane a hankali, tana tsiyaya wa kowacce, tana ɗan shafa ganyen. Na matso da wayar kusa da idona. Zaren da ke wuyan tukwanen ja ne.

"Yaya, matsa gefe."

"Me?"

"Na ce ka matsa!"

Ya matsa. Ya waiga ya ga abin da na gani, ya dawo da fuskarsa duk ta canza.

"Me Umma take yi?"

"Af. Ai... ai haka take yi."

"Tun yaushe?"

"To, ni dai tun bayan tafiyarki da 'yan kwanaki nake gani."

"Kai kuma kana tsaye kana kallo?"

"Ke, ni zan hana Umma abin da ta yi niyya? Ke kin taɓa hana ta?"

Na katse wayar. Na miƙe da sauri har na zubar da abincin kifin a ƙasa. Na kira 'Yar Musaya, ta ƙi ɗauka don tana aji, na yi ta kira ba ƙaƙƙautawa har ta fito. Da yaren makaranta muke magana da ita, amma ranar ji na yi yaren ya yi mini kaɗan.

"Kin san Umma tana ba jajayen ruwa?"

Ta ce, "Na sani."

"Kin sani!"

"Ki tsaya ki ji. Tun farko da na ɗaga tukwanen na ji sun yi nauyi. Na nuna mata zaren, na yi mata alama da hannu, ta ce to. Washegari na sake samun ƙasar a jiƙe. Na sa Yaya ya fassara mata, ta ce ta ji. Na ɗauke butar na ɓoye, ta zo da kofi."

"Ni fa? Ba ki da lambata ne?"

"Ta roƙe ni kar in gaya miki. Ta ce kina ƙasar mutane ke kaɗai, kar a tayar miki da hankali." Ta ƙara da cewa, "Ranar da na yi zazzaɓi a bakin gadona ta wuni. Ban iya kai ƙararta ba. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki."

"Amma kin iya turo mini awon ƙarya."

"Ba ƙarya ba ne. Abin da na auna na turo."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ne. Na buɗe mata wuta. Na ce ina nan ƙasan bene kullum ina yi wa kifinta bauta, ban san teku ba, ban san dutse ba, uwarta ko shayi ba ta taɓa dafa mini ba, ita kuwa tana can ta miƙe ƙafa a gidan ubana, ta ci ta sha ta yi kumatu, ta sayar da shekarata a kan kwanon abinci. Tana kuka tana ba ni haƙuri. Na ce ta riƙe haƙurinta, ba ya tsiro.

Ban iya zaman aji ba ranar. Na koma gida, na kori kyanwar daga kan gadon, na zauna na kira Umma. Ta ɗauka da fara'arta, ga alama Yaya ya ji tsoron gaya mata.

"Ah, 'yan ƙasar waje! Ya sanyi?"

"Umma, me na ce a kan tukwane masu jan zare?"

Fara'ar ta ɗan ragu. Ta gyara ɗankwalinta. "Au, wannan ne? Ai kaɗan nake ɗan ɗiga musu. Ba wani ruwa ba ne, ragowar buta ce."

"Na ce ko ɗigo, Umma. A gabanki na faɗa, kika ce kin gane."

"Na gane mana. Amma ke ba ki gan su ba ne. Bayan tafiyarki duk suka sunkuyar da kai, ga 'yan'uwansu a gefe suna ta sheƙi. Abu mai rai a cikin gidana, ina wucewa da ruwa a hannu, in bar shi haka? Ina tsoron alhaki."

"Alhakin wake? Ni nawa alhakin fa?"

"Ke yanzu da kika gan su ba sai kin yi murna ba? Har fure sun fara. Maƙwabta ma leƙowa suke."

Wato ita a wurinta taimakona ta yi. Na sake yin bayanin da na yi kafin in tafi, da ƙarfi wannan karon, cewa yanzu ba ni da abin da zan gwada da wani, duka sun zama ɗaya, wata biyun nan sun tafi a banza, iri ya ƙare, gurbin da Dakta ta yi mini alkawari ya tashi. Tana saurare tana gyaɗa kai irin gyaɗawar da ta yi a bayan kicin, wadda yanzu na san ba ta nufin komai.

Can ta ce, a hankali, "Kullum na fito na gan su a langaɓe, ke nake tunawa. In ce ko ta ci, ko ba ta ci ba, ko akwai mai ce mata sannu. Ke ba ni da yadda zan yi da ke. Su kuwa ga su a gabana."

Wata 'yar da ta fi ni hankali da nan zuciyarta ta yi sanyi. Ni ƙara hawa na yi.

"Ni ba wake ba ce, Umma! In tausayina kike ji ai sai ki yi abin da na ce! Ku komai sai kun nuna kun fi mutum sanin abin da ya dace da shi. So nake su bushe! So nake su mutu! Mutuwarsu ita ce aikina, da kin bar su sun mutu da yanzu na gama!"

"Ke!" Muryar Abba ce daga gefe, ashe yana ɗakin. Ya karɓe wayar, fuskarsa ta cika allon. "Da uwarki kike magana haka? Ƙasar wajen ce ta koya miki?"

"Abba, shekarata ta..."

"Ko shekara goma ce. A kan ganye za ki ɗaga wa uwarki murya?"

A kan ganye. Na kashe wayar a fuskar Abba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na tura wa Farfesa saƙo na gaya masa abin da ya faru, sannan na toshe lambar kowa na gidanmu, har da ta 'Yar Musaya.

Washegari na je wurin kifi kamar kullum, don ƙafata ta riga ta saba. Na tsaya ina kallonsu suna yawonsu hankali kwance, ƙoshe, cikin ruwa mai ɗumi. A bango akwai makunnin na'urar da ke ɗumama musu ruwan. Da zarar an kashe shi a irin wannan sanyi, kafin gobe ba sauran mai motsi. Na ɗora yatsana a kai. Na ce ita ma ta ɗanɗana, ta dawo ta tarar da akwatin gilashi da ruwa zalla. Na daɗe a haka. Ba don kirki na fasa ba, kyamarar da ke saman ƙofa na tuna. Na auna musu abincinsu daidai, ina zubawa ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya.

Farfesa bai amsa ba ranar, bai amsa ba washegari. Shi da ma haka yake, saƙo a wurinsa sai ya kwana ya tashi. Na yi ta zuwa aji ina zama kamar gunki. Dakta ta tare ni a matakala ta tambayi labarin jarumin wakena, na ce yana nan, na wuce da sauri kafin kunya ta kashe ni. Da na tuna yadda na baza mata takardu ina washe baki, sai in ji kamar in tona rami in shige.

Sai a rana ta uku ya kira, ina tsakiyar cin abincin rana a kantin makaranta.

"Ke, na ga saƙonki. Kuka kike yi ko me?"

"Farfesa, aikin ya lalace."

"Wa ya gaya miki? Tun farko ake ba su ruwa duka?"

"Tun farko."

"Sun fara fure?"

"An ce sun fara."

"To ke aji nawa kike da ba ki ga wannan ba? Allah ne ya taimake ki aka ba su duka daidai. Daga yau a yanke wa jajayen ruwa. Ƙishi a lokacin fure shi ma bincike ne, ya ma fi wancan amfani ga manomi. Taken aikin kawai za mu canza, ni zan yi magana da kwamiti." Ya yi tari. "Amma ki ji ni da kyau. Da ma yawan tukwanenki a bakin iyaka yake. Kar ko ɗaya ta ragu, in ba haka ba ba za su karɓa ba. Kuma ki samo wa mahaifiyarki wani abin da za ta riƙa ba ruwa."

Na bar abincin a kan tebur na fita da gudu. A barandar kantin na tsaya, iska tana kaɗa ni, ina cire toshewar lambobin ɗaya bayan ɗaya. Har na shirya abin da zan ce. Zan fara ba Umma haƙuri, in ba Abba, sannan in gaya musu ashe ruwan Umma bai kashe ni ba. Har dariya na fara yi ni kaɗai.

Yaya ne ya ɗauka. Bai ce Likitar Ciyawa ba, bai tambayi takalmi ba.

"Sai yau?" ya ce. "'Yar Umma ta yi ta nemanki kamar za ta yi hauka."

"Bar wannan. Ina Umma? Ba ta wayar, akwai magana."

Ya miƙe da wayar a hannu. Na ga silin, na ga ƙofar kicin, sannan fuskar Umma. Idanunta sun kumbura. Ban taɓa ganin ta tsufa haka ba.

"Umma, don Allah ki yi haƙuri da..."

"A'a, ni ce da ba ki haƙuri," ta ce. "Na yi tunani, gaskiyarki ce. Abinki ne, kin faɗi yadda kike so. Zo ki gani, na gyara miki."

Ta juya wayar. Layin shuɗi yana nan, kore shar, da furanni. Layin ja kuwa babu shi. Tukwanen an zazzage su an kife, an jera su a jikin bango, kowacce da jan zarenta. A tsakar gida an shimfiɗa buhu a rana, a kansa ga wakena a kwance, da saiwarsa da komai, ya bushe ƙayau kamar tsintsiya.

"Washegarin ranar da kika yi faɗan nan na tuge su," in ji Umma daga bayan wayar. "Da hannuna, ban sa kowa ba. Na jira 'yar nan ta tafi makaranta don na san za ta hana ni. Na shanya su a rana don su yi saurin bushewa, tunda na ɓata miki lokaci. Wallahi ina tugewa ina kuka, amma ban bar ko ɗaya ba."

Na ɗago ido daga wayar. Ɗalibai suna wucewa ta gabana da kofunan shayi, suna hira, wani har ya ɗaga mini hannu. Na mayar da ido kan wayar. A cikin allon na hango 'Yar Musaya a bakin ƙofar kicin, ta rungume hannu, ta kasa kallon wayar.

Fushin da na yi kwana uku da suka wuce wasa ne a kan wanda ya taso mini a lokacin. Na ji shi har cikin haƙorana. So nake in yi ihu in ce akwai hanya, Umma, akwai hanya, yanzun nan aka nuna mini ita, kin sa hannu kin tuge ta. So nake in tambaye ta me ya sa sau ɗaya tak da ta ji maganata a duniya, sai ta zaɓi wadda na faɗa cikin hauka. Amma wa ya faɗi maganar? Wa ya toshe waya? Na rasa wanda zan kama, ita, ko ni, ko Farfesa da saƙo ke kwana a wayarsa, ko yarinyar da ke sanye da rigata.

Umma ta juyo da wayar. Tana kallona irin kallon yaron da ya yi shara yana jiran a yaba masa.

"Yanzu ai ya yi ko?"

Yaya ya leƙo ta kafaɗarta. "Farfesan naki ya kira kuwa? Me ya ce?"

"Ya kira," na ce.

"To?"

Na kalli hannun Umma da ke riƙe da bakin ɗankwalinta. Maganar tana kan harshena, da zafinta. Na haɗiye ta, ta wuce kamar garwashi.

"Ya ce sai baɗi."

"Ko da na tuge su?" in ji Umma.

"Tun kafin ki tuge ya lalace, Umma. Ba abin da za a iya yi."

'Yar Musaya ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta jin yarenmu sosai, amma ita ma nazarin halittu take karanta, kuma na ga alamar tun ranar da ta dawo ta tarar da buhun ta gane abin da aka rasa. Ta juya ta koma cikin kicin.

Umma ta share ido da bakin ɗankwali. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. To waɗannan da suka rage fa, ya za a yi da su?"

"Ki ba su ruwa," na ce. "Yadda duk kike so."

Na kashe wayar. Na daɗe a barandar har yatsuna suka sandare, sannan na hau bene zuwa ofishin Dakta. Tana waya, ta yi mini alama in zauna. Ban zauna ba. Na tsaya ina jira ta gama, in gaya mata ta ba wani gurbin.